Birkin Babur ɗin Marigayi Maiwada

Rana ta yi ja ta kwanta a bayan rumbunan gidan marigayi Maiwada, can gefen garin Gaya. Kaji sun fara neman akurki, hayaƙin tuwo ya tsaya a tsakar gida ya ƙi tashi sama. A irin wannan lokaci mai hankali yakan tattara kayan aikinsa ya nemi buta. Badaru, babban ɗan marigayin, bai nemi buta ba. Yana tsugune a gindin wani baƙin babur, hannuwansa baƙi ƙirin har gwiwar hannu, ya ɗora gwangwanin baƙin mai a kan garwashin da ya ɗebo daga murhun matarsa Hanne, yana jira ya tafasa.

Babur ɗin gado ne. Maiwada ya saye shi zamanin da yake malamin awon gyaɗa, irin na Ingila ne mai nauyin maraƙi, wanda in ya taso daga Ajingi mutanen Gaya sukan ji gurnaninsa tun yana bayan gari. Ana gab da samun mulkin kai, wata rana ya dawo daga ƙauye bayan magariba, ya tura shi ɗakin da ke kusa da turken awaki, ya ce sanyi yake ji a ƙugu, ya kwanta, bai sake tashi ba. Da aka yi sadakar arba'in matarsa Gaji ta sa wa ɗakin kwaɗo, ta ɗaure makullin a bakin zaninta. Ba ta faɗi dalili ba, ba kuma wanda ya tambaye ta.

Haka ɗakin ya zauna a rufe har shekarar da gwamnati ta mayar da tuƙi hannun dama. A shekarar ne samarin Gaya suka fara sayen ƙananan babura masu kukan sauro, suna wuce Badaru a kan hanyar kasuwa, shi da jakinsa da buhunan dawarsa, suna ɗaga masa hannu irin ɗagawar da ta fi zagi ciwo. Badaru mutum ne mai haƙuri da komai ban da a wuce shi. Ya yi ta yi wa tsohuwarsa naci har ta kwance makullin ta jefa masa a ƙasa, don kada a ce da hannunta ta miƙa.

Da ya buɗe ɗakin ya tarar da abin da ake tararwa: yanar gizo, kashin ɓera, gidajen zanzaro jere a jikin tanki, tayoyi sun zauna. Ƙura ta rufe komai. Sirdin baya kaɗai ne ba ƙura ko ɗigo, yana sheƙi, tsakiyarsa ta ɗan lotsa. Ya dafa shi ya ji da ɗumi. Ya tsaya ya yi nazari irin nasa, ya yanke hukunci cewa fatar Turawa haka take.

Injin bai ba shi wahala ba, kuma wannan ma da ya kamata ya sa shi tunani. Shi da abokinsa Tukur mai gyaran keke suka wanke tanki, suka kankare filogi, suka sa sababbin tayoyi, bugu na biyu babur ya ɗauka kamar jiya aka ajiye shi. Birkin baya ne ya zama masifa. In Badaru yana tafiya a hankali, tafiyar jaki mai ciki, lafiya ƙalau. Da zarar ya murɗa hannu ya ɗan ji iska a kunne, sai tayar baya ta kafe ƙam, alhali ƙafarsa ba ta ko kusa da abin takawa. Sau ɗaya ya zube a gonar wake. Sau ɗaya kuma a bakin rijiya, gaban mata, kuma matan Gaya ba su da mantuwa.

Suka ɗaga babur a kan turmin Hanne, suka cire taya, suka buɗe gangar birki. Suka zare takalman nan biyu da ke mannewa a cikinta, suka goge su da yashi mai laushi. Badaru ya je har Kano ya sayo sababbin sifirin, 'yan wayoyin nan masu naɗi da ke janye takalman. Suka sassauta notin sandar da ke jan birkin har ya kusa faɗuwa. A kan turmi taya takan juya kamar mazari. A kan hanya ta kafe.

"Wannan ba lalacewa ba ce," in ji Tukur, yana share hannu a rigarsa. "Babur ɗin nan ra'ayi gare shi. Ya duba ka ya ga ba kai ne Maiwada ba."

"Kai dai ka tsaya a faci, nan iliminka ya ƙare."

"To, malamin injiniya. Abu ɗaya ya rage. Ɗan ƙarfen nan da ke buɗe takalman, wataƙila tsatsa ce a cikinsa. Ka tafasa baƙin mai ka kwarara masa da zafinsa. In bai saki ba ka mayar da shi ɗaki ka ba jakinka haƙuri."

Abin da ya tsugunar da Badaru ke nan a wannan yammaci. Mai ya fara tsalle a gwangwani daidai lokacin da ladan ya ɗaga murya. Gaji ta leƙo daga ƙofar ɗakinta, carbi a hannu. Ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa.

"Kai wannan, magariba ta yi. Ba a zubar da abu mai zafi yanzu."

"Ba a ƙasa zan zuba ba, Iya. A ƙarfe ne."

"Ko a mene ne. In ba za ka bari ba, ka yi bisimilla, ka ce a kauce."

Badaru ya yi niyyar yi, shi dai haka ya riƙa rantsewa daga baya. Amma da ya ɗauki gwangwanin da tsumma, zafi ya ratsa ya lashi ɗan yatsansa, abin da ya fito daga bakinsa ba bisimilla ba ne, kalma ce da ba a faɗa gaban uwa. Ya juye man gaba ɗaya a gefen hagu na tayar baya.

Wani sauti ya tashi daga wajen, ba ƙarar ƙarfe ba, irin jan numfashin da tsohuwa kan yi ta tsakanin haƙora in ta taka ƙaya. Awaki suka daina tuƙa. Hayaƙin da ke tsaye a tsakar gida ya karkata gefe guda, ba kuwa iska. Sai Indo, 'yar Badaru ta uku, 'yar shekara goma, wadda ta fito daga madafa da kwanon tuwon kakarta, ta saki kwanon ta faɗi tana ihu.

"Ƙafata! Inna, ƙafata!"

Aka kawo fitila aka duba. Ba ƙuna, ba cizo, ba ƙaya. Amma ƙafar hagun ta sandare, yatsun sun dunƙufa ƙasa, diddige ya tokare, kamar tana danne wani abu da ƙarfinta duka. Hanne ta kama ta za ta murza, ta saki da sauri. Ƙafar sanyi ƙalau kamar randa.

Tun daga ranar gidan ya canza. Da rana ba komai, kaji na kiwo, Hanne na daka a turmin maƙwabta. Amma da zarar inuwar katanga ta kai bakin rijiya, sai jifa ta fara. Tsakuwa ɗaya a kan kwanon ɗakin Badaru. Shiru. Sai wata. Ba a gaggauta ta, ba a kuma fasawa, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar da ya tabbata akwai mutane a ciki. Badaru ya zagaya bayan gida da sanda bai ga ko sawun kare ba. Ya tsinci tsakuwar ya sansana, ƙaurin baƙin mai take yi. Tuwo ya koma ƙaurin baƙin mai, ruwan randa ma haka. Wani lokaci daga ɗakin da aka fito da babur akan ji ana gyaran murya, irin wadda baƙo kan yi a zaure in an daɗe ba a fito ba.

Jifar ba ta kai abin da Indo ke yi tsoratarwa ba. Yini take a kwance ba ta magana. Ana kiran magariba sai ta tashi zaune a bakin gado, ta juya a karkace, ƙafafu gefe ɗaya, yadda mata kan zauna a bayan babur. Ta miƙa hannuwa ta rungume abin da ba kowa ke gani ba. Jikinta ya riƙa rawa a hankali, ya karkata dama, ya karkata hagu, idanunta a buɗe ba sa ƙiftawa. Bakinta na motsi. Hanne ta kai kunne ta ji abin da take faɗa, ta fito tsakar gida ta zauna a ƙasa.

"Me take cewa?" in ji Badaru.

"Cewa take, a hankali, a hankali. Malam, ba muryarta ba ce."

Aka kai ta ɗakin shan magani, aka ba da man shafawa. Wanzami ya zo ya yi ƙaho, jinin da ya fito kaɗan ne kuma baƙi. Sanyin bai tsaya a tafin ƙafa ba. Ya haura idon sawu, ya kama ƙwauri, ya wuce gwiwa. Kullum da safe Gaji takan shafa jikin jikarta ta nemo inda ɗumi ya ƙare, kullum sai ta same shi sama da jiya.

Badaru ya ce babur ne, bari ya fitar da shi. Nan ya gano ya sami abin da yake nema, har ya yi yawa. Man da ya kwarara ya shiga ganga ya jiƙe takalman, birki ya daina kamawa sam. Ya damƙe na gaba, tsohuwar wayar ta tsinke a hannunsa. Duk da haka ya tura shi zuwa rumfar Tukur. Bai kai ƙarshen lungu ba ya jiyo ihun Indo, ihun da ke ƙaruwa da kowane taku da ya yi. Ya juyo da shi a guje. Da tayar gaba ta shigo zaure ta yi shiru.

Gaji ta same shi a nan, jingine da bango yana haki.

"Yau sanyin ya kai ƙugun yarinyar," ta ce. "Daga ƙugu sai ciki, daga ciki sai ƙirji. Ubanka a ƙugu ya fara. Ka tafi Balan ka zo da Malam Datti."

Malam Datti ɗan tsurut ne, tsoho, mai magana kamar ana sayen kalma da tsada. Ya ƙi hawa mota, ya zo a kan jakinsa da gafakarsa a rataye, ya iso bayan azahar. Bai tambayi mara lafiya ba. Ya tsaya a zaure ya daɗe yana kallon babur ɗin, musamman sirdin baya. Sannan ya ɗan rusuna, ya yi wa sirdin sallama.

Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka kwantar da Indo, aka jingine babur a kusa. Malam ya sa garwashi a kasko ya barbaɗa turare, ya zauna wajen kanta ya fara karatu. Muryarsa ƙasa-ƙasa, ba hawa ba sauka. Inuwa ta yi ta tsawo. Tsakuwa ɗaya ta faɗo a kan kwano, ta gangaro, ta faɗi gaban Malam, bai ko dube ta ba. Ya yi tofi a ruwa ya yayyafa wa yarinyar a fuska.

Indo ta tashi zaune, ta karkace, ta juyo da kai a hankali ta dube shi. Fuskar tata ce, kallon ba nata ba.

"Salamu alaikum, baiwar Allah," in ji Malam.

"Alaikumus salam." Muryar tsohuwa ce, busasshiya, kamar ana jan kara a kan tabarma. "Sau biyu ke nan yau. Shekara da shekaru ina gidan nan, sai da baƙo ya zo daga Balan aka san ana yi wa mutum sallama."

Hanne ta toshe bakinta da mayafi.

"Musulma ce ke?"

"Na riga kakanka."

"To me ya shigo da Musulma gidan mutane ba izini, har ta kama musu 'ya?"

"Ba izini?" Ta yi wata dariya gajeriya. "Kawo ni aka yi. Ina zaune a gindin tsamiyata, a gangaren fadamar Gafasa, rana na faɗuwa, sai ga mai gidan nan a kan wannan baƙin abu. Ya tsaya yana gyara rawani. Ya dubi gabas ya dubi yamma, ya buɗe murya ya ce, mai zuwa Gaya ya hau, kyauta ne."

Gaji ta runtse ido. "Halinsa ne," ta ce a hankali. "A kowane ƙauye sai ya faɗa, ko da kowa ko ba kowa, don dai a san yana da babur."

"Ni ban taɓa ganin Gaya ba," muryar ta ci gaba. "Aka yi mini tayi, na hau. Ashe mahaukaci ne. Gudu kamar ana binsa. Na sa diddige na danne ƙarfen nan, ban san sunansa ba, na dai ga in na danne ana raguwa. Muka iso. Bai ce mini sauka ba. Ba tabarma, ba ruwa. Ya tura ni ɗaki, aka sa kwaɗo. Ni kuwa ba a yi mini tarbiyyar sauka a gidan mutane ba a ce in sauka ba, ba na kuma kama hanya ba rakiya kamar korarriya. Na zauna ina jira."

"Ke kika kashe mini miji?" in ji Gaji.

Kan yarinyar ya juya wajenta.

"Riƙe shi na yi a ƙugu, don kada in faɗi. Hannuna da sanyi. Ba ni na yi kaina ba."

Can nesa wata saniya ta yi kuka ta yi shiru.

"Sai ga wannan," ta nuna Badaru da haɓa. "Na ce alhamdu lillahi, ɗa ya zo zai sauke nauyin ubansa. Ashe gudun ne ya gada, bai gaji ko gaisuwa ba. Ina dannewa yana kwancewa, ina dannewa yana gogewa. Ƙarshe ya tafasa mai ya juye mini a ƙafa, da magariba, ba a kauce, ba sunan Allah, sai ashar. Ya ɗauke mini ƙafa, na ɗauki ƙafa. Yarinyar ta yi mini. Za ta bi ni ta riƙa yi mini aike."

"Ba za ta bi ki ba," in ji Malam.

Ya koma karatu, wannan karon da ƙarfi. Ba wanda ya zaci irin wannan murya za ta fito daga ɗan wannan ƙirji. Jikin Indo ya sandare, ta yi ƙara, tsakuwa ta zubo a kan kwano kamar ƙanƙara, awaki suka tsinke igiya. Babur ɗin da ke jingine ya girgiza har madubinsa ya faɗi ya fashe.

"Tsaya! Tsaya, ɗan Balan! Za ka ƙona ni a kan gaskiyata?"

Malam ya tsaya. Ya share gumi da gefen rawani.

"Kina da gaskiya a kan uban, kina da gaskiya a kan ɗan. Yarinyar nan ba ita ta yi miki tayi ba, ba ita ta ƙona ki ba. In kin tafi da ita kin zama azzaluma, kuma kin san inda za mu haɗu. Ga wanda ya yi laifi. Badaru, matso."

Badaru ya matso da rarrafe. Ya durƙusa gaban 'yar cikinsa, ya cire hula.

"Iya, na tuba. Wallahi ban san da mutum ba."

"Ɗumin sirdin fa? Fatar Turawa ko?"

Badaru ya sunkuyar da kai. Abin da ya faɗa a zuciyarsa ne, bai taɓa gaya wa kowa ba.

Aka shiga ciniki, kuma duk wanda ya taɓa sayen akuya a hannun tsohuwa ya san yadda abin yake. Ta ce a ba ta ƙafar yarinyar kaɗai. Malam ya ce ko farce. Ta ce to a ba ta ta uban. Badaru ya dubi ƙafarsa, ya buɗe baki zai ce ya yarda, Malam ya ɗaga masa hannu. Ya ce za a ba ta man shanu da zuma ta shafa wa ƙunarta, za a kuma yi mata rakiyar da take bin su bashi, har gindin tsamiyarta. Ta tauna bakin da ba goro.

"A kan abin da aka kawo ni," ta ce. "Ɗan wanda ya kawo ni ne zai ja. Yau, in isa kafin duhu. Kuma a jikin yarinyar zan hau, don ba ni da ƙafar hawa. In an ce mini sauka yadda ake gaya wa mutum, na sauka na bar ta."

"Malam, babu birki!" in ji Badaru. "Na baya ya sha mai, na gaba ya tsinke. A ba ni gobe in gyara."

"Gobe sanyin ya kai ƙirji," in ji muryar. "Ni ma ba na iya tsayar da shi. Birki kuwa, ɗan Maiwada, tun da can wa kake zaton yana yi muku?"

Malam ya sa ta rantse da Wanda ya halicce ta, ta rantse. Ya juya ga Badaru.

"Hau. Ka tafi a hankali. In ta yi maka magana ka amsa da ladabi. Baƙuwar gidanku ce."

Hanne ta ɗaure ɗan kwanon man shanu da zuma a bayan sirdi. Aka ɗora Indo a karkace. Hannuwanta suka zagayo ƙugun ubanta suka haɗe, sanyinsu ya ratsa riga ya shiga ƙashi. Bayan babur ya nutse kamar an ɗora buhu biyu. Gaji ta biyo su har ƙofar gida, abin da ba ta yi ba tun takaba, ta ce, "Badaru." Karo na farko ke nan da ya ji sunansa a bakinta.

Suka fita gari suka kama hanyar Ajingi. Dawa ta yi kai a dama da hagu, tsayinta ya rufe gonaki, hanya ta zama kamar lungu. Yana tafiya a ƙaramar giya, injin na gurnani. Can sai ga motar gyaɗa ta taho, Badaru ya raɓe dama. Ya ji babur na janyewa hagu da kansa.

"Ubanka ba ta wannan gefen ya bi ba."

"Iya, gwamnati ta canza hannu."

"Ba a gaya mini ba."

"A yi haƙuri, Iya, mu ma ba a yi shawara da mu ba. Don Allah ki saki."

Ta saki. Motar ta wuce ta shafi gefen rigarsa, yaran mota na zaginsa.

Sun bar Ajingi a baya rana ta rage ja kaɗan a bakin ƙasa. Hanya ta koma turɓaya, ta fara gangarawa. Sanyin da ke ƙugunsa ya hau bayansa. Ya hangi tsamiyar, baƙa, ita kaɗai, ta fi duk abin da ke wajen girma. Ya kuma hangi abin da ba ya nan zamanin Maiwada: ruwan damina ya yanke hanyar a gaban bishiyar kaɗan, ya haƙa kwazazzabo mai zurfin da ba a ganin ƙasansa.

Ya mayar da hannun mai, babur bai ragu ba. Ya kashe inji, nauyin da ke baya ya ci gaba da tura su. Ya taka birki, abin takawar ya tafi ƙasa fayau kamar ya taka ruwa. Ya sauke ƙafafu biyu yana jan ƙasa, takalmansa suka fice, turɓaya ta yi sama. Tsamiya ta zo daidai kafaɗarsa. Bakin ramin na tahowa.

"Iya, taka! Don Allah taka!"

Muryar ta zo a kunnensa, a natse, ba gaggawa.

"Ka ce mini wani abu ne?"

A tarihin ƙasar Gaya ba a taɓa yin sallama da baƙo da sauri irin wannan ba.

"Iya mun iso, sauka lafiya, sannu da hanya, Allah ya huta gajiya, mun gode da zumunci, a yafe mana, a gaida mutanen gida!"

Tayar baya ta kafe ƙam. Babur ya ja ƙasa, ya juya gefe, ya tsaya. Ƙasar da tayar gaba ta ture ta zuba cikin ramin, an daɗe kafin a ji saukarta.

Shiru. Sai bayan babur ya ɗago a hankali, ƙarfe na ƙara. Hannuwan da ke ƙugunsa suka saki, ɗumi ya dawo cikinsu. Ya ji an kwance ɗan kwanon da ke bayan sirdi. Ya ji taku a kan busassun ganye, ɗaya mai nauyi ɗaya ana ja, ya nufi gindin bishiyar, ya zagaya bayanta, bai fito ta ɗaya gefen ba.

"Baba," in ji wata ƙaramar murya. "Ina ne nan? Ƙafata ta yi tsami."

Ya sauka ya sauke ta, yana riƙe da ita kamar ƙwai. Ta dafa kafaɗarsa, ta sa ƙafar dama a ƙasa. Sannan ta sa ta hagu. Yatsun suka miƙe, suka kama turɓaya. Ya tsuguna ya taɓa tafin, ya taɓa gwiwa. Ɗumi ko'ina. Ta sake shi ta yi taku ɗaya, ta yi na biyu, ta waiwayo tana mamakin abin da ya sa babba kamarsa yake kuka a bakin hanya.

Babur ɗin ya bar shi a nan kwance, bai ko cire makulli ba. Fitilun Gafasa sun fara bayyana a saman gangaren, ana kiran salla. Suka juya suka kama hawa, shi ba takalmi, ita a gaba tana ɗan ɗingishin wanda ya daɗe a zaune. Ya ga tudun da tsawo, tausayi ya kama shi, ya durƙusa ya juya mata baya, ya buɗe baki zai ce a zo a hau. Sai ya rufe bakin da tafin hannunsa. Ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya dubi duhun da ke taruwa a gindin dawa.

"Indo 'yar Hanne, jikar Gaji," ya ce, yana rarrabe kalmomin ɗaya bayan ɗaya, "ke kaɗai nake nufi, ban da kowa. Zo in goya ki."

"A'a, Baba," ta ce. "Bar ni in taka."